Kawar Fari

"Ka bar mini ciyawar bakin kogi, ka daina feshin magani," in ji Ebiere, mai kiwon kawa, halittar ruwa mai ɓawo da ake ci, a inda kogin Kwara ke shiga teku. "Ni kuma ɓawon kawa naka ne, ka ƙona ka zuba a gona."

"Na yarda, ƙanwata," in ji Jatau, manomin shinkafa daga Yawuri. Haka suka ƙulla tun shuka.

Tun da aka yi dokar abokan ruwa, kowane manomin bakin kogi yana da nasa mai kiwo a can ƙasa. Ba a buɗe kasuwa sai manomi ya haɗiye kawar fari ta abokin ruwansa ɗanya a gaban jama'a. Abin da ka zuba wa kogi, cikinka zai fara karɓa.

Ranar buɗe kasuwa Jatau ya zauna a bencin manoma. Gurbin maƙwabcinsa Barau, wanda ya ƙi daina feshi ya kuma haɗiye tasa bara, ba kowa.

Ebiere ta fasa ɓawo a hankali, don wahalar shekara ce a ciki.

"Yaya, ko in sa maka barkono?"

"Wannan majinar? Miƙo kawai."

Ya yi bisimilla ya haɗiye. Aka zuba masa ido har inuwa ta juya. Sai ya yi gyatsa, ya ce, "Alhamdulillahi. Akwai ƙari?"

Kasuwa ta ɓarke da guɗa.

Ebiere ta sayar da kawarta, Jatau ya koma da buhunan ɓawo da cikinsa lafiya. Mai shagon maganin feshi a Yawuri kaɗai ya yi asara.