Tabarmi Biyar a Kan Katanga

Ka ce yaronka ya kai shekara takwas bai daina jiƙa shimfiɗa ba, har kana tunanin ɗora masa tabarmar a ka yara su zaga unguwa da shi. To, zauna tukuna ka ji wannan.

A wani ƙauye an yi wata mata mai saƙar tabarma, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ƙanenta yana da 'ya mai fitsarin kwance, wani lokaci ma da rana tsaka sai ta ɓata zanenta ba ta sani ba. Uban ya yi duka har ya gaji, sai ya koma ga abin da ya tarar ana yi. Aka ɗaura wa yarinyar kwaɗo a ƙugu, aka ɗora mata jiƙaƙƙiyar tabarma a ka, yara suna binta da tafi da waƙa. Fitsari dai bai tsaya ba. Yarinyar ce ta daina magana, ta daina zuwa makaranta, ta daina shan ruwa don tsoron abin da safiya za ta nuna, har ta rame kamar kara. Goggon ta zo ta gan ta, ranta ya ɓaci, ta kama hannunta ta ce wa ƙanen, "Ba ni ita. Kwaɗon kuma ka riƙe abinka."

A gidan goggo akwai 'ya'yan riƙo uku, ga yarinyar, ga ita kanta. Kullum da safe sai ta tattara tabarmin nan biyar, har da tata, ta wanke su duka ta shanya a kan katanga, mai wucewa ba zai taɓa gane wacce ce ta jiƙe ba. Maƙwabta suka sa ta gaba da tsiya, wai tsabtarta ta fi ta kyanwa. Tabarmar kaba ba ta son ruwa, ita da ke saƙa ta ta fi kowa sani, amma in ɗaya ta ruɓe sai ta zauna ta saƙa wata. Ta kai yarinyar asibiti, aka ce bayan gida ne ya taurare a cikinta yake danne mafitsara, ƙin shan ruwan nan kuma ya ƙara dagula abin. Aka ba su magani. Goggo ta riƙa lallashinta tana shan ruwa da rana, tana yanka mata gwanda, tana tuna mata ta zaga bayan kowane cin abinci. Ran da aka tashi a jiƙe, ko harara babu. Sai da aka ci damina biyu kafin abin ya wuce.

Shekaru suka ja. Yarinya ta girma ta yi aure a wani gari, goggo kuma ta tsufa, ɓarin jikinta ya shanye, ba ta iya riƙe fitsari. Kunyar masu zuwa dubiya su ga tabarmarta ita kaɗai a shanye ta fi ciwon cin ranta, sai ita ma ta ƙi shan ruwa. Labari ya kai wa 'yar ƙanen nata da ta riƙa, ta taho. Washegari ta fito da tsohuwar bakin ƙofa ta sha hantsi. Goggo ta ɗaga ido, sai ga tabarmin gidan kaf jere a kan katanga, ruwa yana ɗiga daga kowacce. Ta daɗe tana kallo, hawaye yana bin kuncinta. Can ta miƙa hannun da ke da lafiya, ta karɓi moɗa ta sha.

Ni duk sa'ad da na tuna wannan sai na ji zuciyata ta karye. Yaronka ba da gangan yake yi ba, kuma ya fi ka jin kunyar abin. Ka kai shi a duba shi, ka rufa masa asiri, don ba ka san wanda zai shanya taka tabarmar ba. Hausawa sun yi gaskiya: alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.