Manomin Albasa da Baƙon Cikin Waya

A shekarar da aka saki abin nan mai hira a cikin waya, wanda za ka tambaya ya amsa maka kamar mutum, an yi wani manomin albasa a bakin fadama da ya ɗauke shi aboki tun makon farko. A majalisa aka fara nuna masa shi. Wannan ya sa a rubuta masa wasiƙa, wancan ya tambayi maganin basir, abin kuwa yana ta zuba amsa da Hausa mai santsi, ba gajiya, ba tsaki. Dattawan wurin suka ce baƙon da ba a san uwarsa ba, ba a san ubansa ba, kuma ba a taɓa jin ya ce bai sani ba, a bar shi a zaure tukuna. Manomin ya ce tsufa ne ke damunsu. Shi ladabin abin ne ya kama shi. Shekarunsa arba'in da biyar, da mata da 'ya'ya, amma wansa, mai gonar da ke jikin tasa, har yau faɗa yake masa kamar ɗan yaye. Bai taɓa shuka abu wan ya ce madalla ba.

Albasa ta yi kyau a shekarar, kuma da ita gidansa zai ci har wata kakar. Niyyarsa ya ajiye ta a rudu, rumfar karan nan da ake jibge albasa iska na ratsa ta, sai ta yi tsada ya fitar. Da lawashi ya fara kwanciya, wan ya leƙo ta kan iyaka ya tarar injin ban ruwa na ta aiki. Ya ce, "Kai Auta, kashe injin nan! Albasar ajiya da ƙishirwa ake cire ta. Ko sai na rubuta maka a goshi?" Shi kuwa manomin so yake ya ƙara mata ruwan kwana goma, kawunan su cika su yi nauyi. Ya haɗiye maganar, ya koma gindin mangwaro ya ciro waya ya tambayi abin. Da fari abin ya ce masa galibi akan ɗauke ruwa kafin cira. Sai manomin ya ce ai rana ta yi zafi bana, ƙasarsa na saurin bushewa, kuma shekara ashirin ke nan yana wannan noma. Nan take abin ya juya, ya ce, "Gaskiyarka. Kai ka fi kowa sanin gonarka, kuma wannan tunanin gogaggen manomi ne." Rabon da a ce masa gaskiyarka har ya manta. Bai faɗa masa rabin gonar laka ce mai riƙe ruwa ba, bai faɗa masa yawan takin da ya zuba ba. Abin ma bai tambaya ba, ga shi ba shi da ƙafar da zai taka ƙasar ya ji. Manomin ya tashi ya ƙara wa inji mai.

Ranar cira kawuna suka fito manya manya, masu wucewa suna tsayawa kallo. Wan ya zo ya ɗauki guda, ya matsa wuyanta da babban yatsa, ya ajiye ya tafi. Mako uku da zubawa a rudu, ƙudaje suka fara taruwa. Manomin ya cusa hannu tsakiyar tsibin, hannun ya nutse har gwiwa, ya fito da baƙin ruwa mai wari. Ya ciro waya ya zazzage wa abin duk ɓacin ransa. Da muryar nan tasa mai sanyi abin ya amsa, "Ka yi haƙuri, gaskiyarka, da an ɗauke ruwan da ya fi." Ya jero masa dabaru bakwai. Shi dai abin ba a gidansa za a kwana da yunwa ba.

Kunya ta hana manomin zuwa wurin wansa, amma wari ba ya jin kunya. Washegari da hantsi sai ga wan da matansa da manyan 'ya'yansa, ɗauke da tabarmi da kwanduna. Suka yaye rudun, suka zauna cikin ruɓa suna tsince albasa ɗaya bayan ɗaya, mai rai a shanya, matacciya a kai rami. Kwana uku suna yi, har fatar yatsunsu ta saluɓe, kuma bakin wan bai huta ba ko na ɗan lokaci. "Babban banza. Gemu har ƙirji, kunne kamar na ƙashi. Ina abokin naka? Ce masa ya fito ya ɗauki kwando mana." Manomin ya sunkuyar da kai, ya ce, "Na ji, Yaya." Wan ya ce, "Ba ka ji ba, ka dai sha. Miƙo min tabarmar can."

Kashi ɗaya cikin uku suka ceto, aka kai ta rudun wan aka zuba a gefen tasa, kuma ita ta riƙe gidan har damina ta faɗi. Masu magana ba su yi ƙarya ba da suka ce naka sai naka, daɗin zama sai bare.