Hannun da Aka Yanke

"Gaida Farfesa," matar ta ce wa yarinyar da ke riƙe da zanenta.

"Shikamoo, Farfesa," yarinyar ta gaishe ta da Swahili.

"Marahaba," Farfesa ta amsa, kamar yadda take amsa wa kowane ɗalibi. Matar nan 'yarta ce ta cikinta, yarinyar kuma jikarta, yau ta fara ganin ta.

Ranar sallamarta ce daga ɗakin bincike na bakin tekun tsibirin Unguja, inda ta ƙarar da ƙuruciyarta tana yanke hannun taurarin teku, halittun ruwa masu hannuwa biyar, don ta ga yadda rauni ke rufewa. Wannan aikin ne ya sa ta kai 'yarta tsibirin Pemba wurin ƙanwarta tun tana goye, da cewa sai bincike ya ƙare.

Jikar ta manna hanci a gilashin tankin ruwa. "Wannan shuɗin, ina hannunsa ɗaya?"

"Ni na yanke. Zai tsiro."

"Wanda kika yanke ɗin fa? Ya mutu?"

"Ga shi can. Ya fitar da sauran hannuwa, ya zama tauraro mai zaman kansa."

"In kika haɗa su, za su manne?"

"Inda ya warke ba ya mannewa."

'Yarta ta yi murmushi, babu fushi ko ɗigo a fuskarta. "Mu tafi kada jirgin Pemba ya bar mu. Mama na jiran mu." Ƙanwar Farfesa take kira Mama.

Farfesa ta ƙura mata ido tana neman ko da tabo. Duk tsawon aikinta, ba ta taɓa ganin raunin da ya warke sumul haka ba.