Guntuwar Ƙotar Dougal

Dala dubu ɗaya da ɗari takwas Fergus ya zuba a ƙotar bindiga. Ba bindigar ba fa, ƙotar kawai, wannan gindin da ake dannawa a kafaɗa. Wai ta kabon ce, wani abu mai kama da roba amma mai ƙarfi, wai ta fi ta katako sauƙi da rabin kilo. Mutumin da tumbinsa kaɗai sai an ba shi kujera daban a mota, shi ne rabin kilo ya dama. To madalla.

Bindigar ta marigayi babansa ce, Dougal, wanda a garinsu Te Anau ko jariri ya san sunansa. Ƙaton mutum, sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Duk shekara in barewa suka fara ruri zai hau dutse, matarsa Noeline na biye da filas ɗin shayi, su sauko da nama niƙi-niƙi. Tsohuwar ƙotar duk tsage-tsage ce, kowace tsaga barewa guda.

Matsalarta ɗaya, guntuwa ce ta ban haushi. Fergus ya gado tsawon ubansa, duk harbin da ya yi sai madubin saitin bindigar ya dake shi a gira. Ranar da ya gaji da yawo da filasta a goshi ya kwance ta, ya kai wa mai gwanjo, aka ba shi dala arba'in. Har godiya ya yi, bawan Allah.

Wata bai zagayo ba yayansa Struan ya bugo waya.

"Auta, ka zo da ƙotar Baba ranar Asabar. Ƙungiyar mafarauta za ta rataye ta a bango, har da ɗan allo mai sunansa. Duk gari za a zo."

"Tana nan lafiya, Yaya."

"Ta dai zauna lafiyar. In ba haka ba kanka zan rataye musu tsakanin ƙahonnin barewar da ke bangon, dama girmansa ya kai."

Ai Fergus ko takalmi bai ɗaure ba ya isa shagon. Mai gwanjo ya yi masa murmushin tausayi, ya ce ya riga ya sa ta a kasuwar intanet, wanda ya fi tayi ya ɗauka, Juma'a da rana ake rufewa. Cire ta? Ina! Ai an riga an taya.

An taya kuwa. Mutum ɗaya ne, ba suna, ba hoto, dala sittin. Fergus ya sa ɗari don ya kore shi. Mutumin ya ƙara biyar. Ya sa ɗari uku. Mutumin ya ƙara biyar. Kullum biyar, kamar mai cinikin kabeji!

Kafin Laraba icen da aka sayar arba'in ya haura dubu. Fergus ya kwance ta kabon ɗin nan mai albarka ya kai kasuwa, aka taya ɗari bakwai. Ya ce sau biyu fa kawai ya harba da ita. Aka ce to ai ta zama ta hannu, ko yana so a rage? Haka nan ya karɓa.

Ranar Alhamis ya leƙa wurin mamarsa ko zai samu rance. Ya tarar da ita a kujera, ta manna robar ruwan zafi a kafaɗar dama da ta daɗe tana damunta, tana ta latsa waya tana tsaki. Ya za ka ce wa gwauruwa ka sayar da tarihin mijinta kuɗin man mota? Ya sha shayi ya fice.

Juma'a ya sayar da ɗan kwale-kwalensa. Ana dab da rufewa ya rufe ido ya danna dubu biyu da ɗari uku. Shiru. Mai biyar-biyar bai sake motsi ba. Fergus ya yi ihun da sai da karen maƙwabta ya amsa. Mutunci ya tsira, aljihu kuma sai dai addu'a.

Da safen Asabar ya biya ɗaukar mama, ƙotar na naɗe a tawul kamar jinjiri.

"Mama, ga amanar Baba. Ni dai ban taɓa bari ko ƙura ta hau ta ba."

Noeline ta warware tawul ɗin. Ta shafa tsage-tsagen da ɗan yatsa. Sai ta ɗaga ƙotar ta danna a kafaɗar dama, ta kwantar da kunci, ta runtse ido ɗaya. Abin ya zauna ɗas, ko ƙiris bai rage ba.

"Ashe kai ne sakaran da ya yi ta ƙara mini kuɗi a kan kayana," ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba. "Ubanka da ko yankewa ya yi wurin aski sai ya suma an yi masa fifita, shi ne zai harbi barewa? Shi ɗaukar nama ne aikinsa, da ba da labari."