Shaidar Iya Indo

Hindatu ta iso ƙofar kotu ta tarar Iya Indo ta riga ta zuwa. Tsohuwar na raɓe a inuwar katanga, da ƙullin kaya a cinya kamar mai jiran mota. Shaida aka kira ta ta bayar, ba ƙaura ba, amma Hindatu ba ta tambaya ba. Kwanakin nan ba ta tambayar kowa komai.

"Ina kwana, Iya."

"Ke, kin karya kuwa?" in ji tsohuwar, idonta na kan titi.

Abin da ya kawo su ba shi da tsawo. A takarda, Hindatu 'yar Adamou ce da matarsa Fatu. A gaskiya kuwa riƙonta suka yi. A tsohuwar unguwar Karantina, nan ƙasa mai tsarki, aka kai musu ita tana jinjira. Lokacin ba su samu haihuwa ba, kuma su kaɗai ke da iƙama, wato takardar izinin zama, a layin, sai Adamou ya shigar da ita cikin iyalinsa. Sun riƙe ta da kyau, kar a ci haƙƙinsu, har ranar da Allah ya ba Fatu nata na cikinta. Daga nan 'yar gida ta koma 'yar wanke-wanke. Ranar da ta fasa wani tangaran, Fatu ta gaya mata a gaban baƙi cewa ita tsintacciya ce. Adamou na zaune yana shan shayi, ko kofin bai ajiye ba.

Ta bar gidan, ta koyi kitso da lalle a wani shago a unguwar Waziriyya. Shekaru suka shuɗe, ba gaisuwar salla, ba ta mutuwa. Da farko ta yi kuka, daga baya ta yi fushi. Yanzu duk sun ƙare mata. In an ambaci sunan Fatu, ji take kamar ana karanta lambar mota.

Sai ga Jaji, direban injin ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa, mutum mai haƙuri, ya nemi aurenta. To, aure ba ya ɗauruwa sai da waliyyi. Takarda ta ce Adamou ne. Adamou ya ce halas, an gama, shi ba shi da 'ya mai wannan suna. Malamai suka ce ko da ya yarda, waliccinsa bai inganta ba tunda ba shi ya haife ta ba. Hanya ɗaya ta rage: alƙali ya yanke cewa ba 'yarsu ba ce, ya cire sunan Adamou daga bayan nata, ya zama waliyyinta da kansa. Ga kwangilar Jaji ta kusa ƙarewa. In ya koma Najeriya ba a ɗaura ba, shi ke nan.

Alƙali ya ce a kawo wanda ya ga lokacin da aka miƙa ta. Ina za a samo shi? An rushe Karantina ta zama fili, mutanen layin wasu sun koma gida, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Iya Indo mai ƙosai ce kaɗai ta rage, ita ma don ta daɗe da kwaso kaskonta ta dawo Waziriyya, daidai tsallaken shagon kitson, wai ciniki ya fi a nan.

Hindatu ba ta so zuwa wurinta ba. Tun tana ƙarama ta san matar nan ba ta ƙaunarta. Yaran layi kowa da sunansa a bakin Iya Indo: Rumaisa, Nuf, Abdallah, ta tsokane su, ta goya su. Ita kuwa sai "ke", ko "'yar nan". Ƙosai ma sai ta kau da kai take miƙa mata. Ranar tangaran tana cikin baƙin, ko uffan ba ta ce ba, ta tashi ta fice har ta bar takalmanta.

Ga kuma wani abu. Iya Indo aikin hajji ta zo tun tana budurwa, ba ta koma ba, ba ta taɓa riƙe iƙama ba. Motar 'yan sanda in ta gifta, har mai take bari a wuta ta ɓuya. Kowa ya san marar takarda da ya shiga kotu da ƙafarsa, tarhil, gidan tsare waɗanda za a kora, za a wuce da shi, daga can sai jirgin gida. Hindatu ma ta sani. Duk da haka ta je ta faɗa mata, kuma ba ta ji komai a ranta ba.

Tsohuwar ta juya ƙosai, ta ce, "Yaushe?"

A cikin kotun, sanyin na'ura ya ishi kowa. Tafinta, wani dattijo ɗan Chadi, ya rantsar da Iya Indo, ya fara yi mata tambayoyin alƙali.

"Fatu ce ta haifi wannan?"

"A'a."

"Ji kika yi, ko gani?"

"Ina wurin aka miƙa ta."

Alƙali ya gyaɗa kai, ya yi magana da Larabci. Tafinta ya ce, "Saura abu ɗaya, Hajiya. Dole mai shaida ya faɗi sunan wanda yake wa shaida. Faɗi sunanta."

Iya Indo ta rungume ƙullin kayanta.

Aka maimaita. Shiru. Alƙali ya ajiye alƙalami, ya ce in ba ta faɗa ba, ba zai karɓi shaidar ba.

Fushi ya taso wa Hindatu, abin da ta ɗauka ya mutu tuntuni. Haba! Har yau? Har a nan?

"Iya, don Allah," in ji Hindatu. "Sau ɗaya tak a duniya."

Tsohuwar ba ta dube ta ba. Ta ƙara rungume ƙullin kayanta, ta juya ga tafinta.

"Malam, ka ba alƙali haƙuri. Ka gaya masa a garinmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari."