Ƙauyen Koyon Sallama

Laftanar ya cire hular kwano, ya mayar da bindigarsa baya, ya yi murmushin da aka koya masa a aji, sannan ya ƙwanƙwasa ƙofar. Matar gidan ta leƙo, ta dube shi daga takalmi har goshi, ta ce maigidan ba ya nan. Ta mayar da ƙyauren.

Rundunar ce ta sauya tsari. An shafe shekaru ana yaƙi da 'yan tawayen da ba su da kaki balle sansani, kafin manya su gano cewa tankar yaƙi ba ta bambanta manomi da ɗan bindiga. Sabon tsari ya ce a ja jama'a a jiki. Sai aka keɓe wani ƙauye a bayan bariki, aka ɗauko mutane haya daga sansanin 'yan gudun hijira su riƙa yin kamar mazauna. Kowane hafsa sai ya koyi shiga gida da yardar masu shi. Wanda ya kasa, ƙarin girma ya wuce shi, a tura shi gadin sito.

Gidan ƙarshen layi ne ya faɗo wa Laftanar. Abokansa tuni an buɗe musu nasu gidajen, har da ruwan sha. Shi kuwa ya haɗu da wadda sojoji ke kira Janar, don ba ta taɓa barin kowa ya tsallake dokin ƙofarta ba. An so a sallame ta, Kanal mai kula da barikin ya hana. Bai daɗe da kama aiki a nan ba, kuma yana son nuna ta ga baƙi, kamar yadda yake nuna musu baƙin hayaƙin da ke jikin bango da ramukan harsashi, yana yabon duk wanda ya tsara wurin.

Laftanar ya fara zuwa da wuri, wai nazarin abokin gaba. Yakan same ta tana sharar tsakar gida, ko tana zuba wa wata busasshiyar bishiyar lemo ruwa, aikin da ba wanda ya sa ta. Ya lura da yadda take sunkuyar da kai a gajeriyar ƙofar nan ba tare da ta duba ba. Ya lura da siraran yatsunta ma, abin da ba ya cikin darasi.

"Yallaɓai, atisaye ka zo ko zance?" in ji Saje, wani dattijo da ya fi kowa daɗewa a barikin. Da Laftanar ya tambaye shi labarin ƙauyen, sai Saje ya tuna yana da aiki a wani wuri.

Ranar jarrabawa Kanal ya zauna a inuwa da manyan baƙi. Laftanar ya isa ƙofar, bai ƙwanƙwasa ba. Ya riga ya ga sakatar a karye take, da kafaɗa matar ke tokare ƙyauren kullum. Da ta buɗe ta leƙo, sai ya durƙusa a bakin ƙofa, ya fito da guduma da sabuwar sakata, ya kafa mata. Ya ja baya, ya ce ta kulle ta ciki.

Ta kulle. Laftanar ya jira har baƙi suka fara duban agogo. Ya yi sallama a hankali, ba murmushin aji.

Sakatar ta yi ƙara. Ta ce, "Shigo. Ka kula da kanka."

Bai kula ba, ya buga goshi, aka bushe da dariya, aka yi tafi. Nan take Kanal ya ba da umarni a saka gyaran ƙofa cikin sabon tsari.

Da yamma motar 'yan haya ta zo kwasar su. Laftanar ya tarar da ita zaune a ɗaki, ta zuba wa bango ido. Ya tattaro ƙarfin halin da bai taɓa buƙata a fagen daga ba, ya ce in an gama yaƙin nan, yana so ta ba shi izini ya raka ta garinsu, ya ga gidanta na gaske.

Ta miƙe, ta gyara mayafinta.

"Ai ka gani, Yallaɓai," ta ce. "A ɗakin nan na haifi 'ya'yana, kafin ku zo mana da tsohon tsarinku."