Mai Shan Wutar Motata

Na murɗa mukulli, motar ta yi ƙas-ƙas, ta yi shiru. Matata tana tsaye a bakin ƙofa da cikin wata tara, asibiti kuma yana can birnin Sibiu, bayan duwatsu.

"In naƙuda ta zo, a baro za ka tura ni?" ta ce.

Abin haushin, yau motar ta tashi lafiya lau, gobe ko tari ba za ta yi ba. Na sake batir. Bakanike ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya.

"Maƙwabci, motarka ƙalau take," ya ce. "Akwai dai mai shan wutarta da ka juya baya. Ka yi gadi."

Ranar Asabar da hantsi na laɓe a bayan tarin itace, dusar ƙanƙara tana zubo mini a ƙeya. Sai ga surukata, wadda ta zo jiran haihuwa, ta fito da mukullina. Ta ajiye wani abu a motar, ta koma kicin.

Na buɗe ƙofar motar na leƙa. An kunna abin ɗumama kujera, ga ƙaton kwano lulluɓe da tawul a kujerar gaba, har an ɗaura masa bel. Kwaɓin burodi ne yake kumbura abinsa.

"Mama, ashe ke kike hana motata tashi."

"Au, wutar ƙarewa take yi?" ta ce ta taga. "To rufe ƙofar motar, ɗana, gidanka sanyi gare shi. Bari kwaɓin dai ya gama tashi tukuna."